Shari'ar Fallen Ƙarshe

Zuwa ga ƙanin matata, Tela,

Bayan gaisuwar da zumunci ya wajabta, ba don ka cancanta ba. Sama da ƙasa su shaida, an yi ta'asa a gidana! Littafin binciken kisan da ka ara kafin in kammala ya dawo babu fallen ƙarshe. Shafi ɗari uku na bi sawun wanda ya shayar da attajiri guba. Jami'in bincike ya tara kowa a falo, ya ɗaga yatsa zai nuna, sai na ci karo da bangon littafi.

Shekara talatin ina magatakardan kotu, na san ƙafar mai laifi. Kana da almakashi, littafin ya kwana bakwai a shagonka, kuma ranar Talata ka gaishe ni kana murmushi. Ka maido fallen.

Ka huta lafiya, in zuciyarka ta bar ka.
Magatakarda mai ritaya

Yaya Magatakarda,

Ina gaisuwa, ya hawan jini? Taku ashirin ne tsakanin gidanka da shagona, amma sai wasiƙa. Ba na dakusar da almakashina da takarda. Haka na karanta shi, guntu, ban kai ƙarar kowa ba.

Ƙaninka, Tela

Tela,

Gaisuwa a taƙaice. Musu shi ne garkuwar kowane ɓarawo. Kwana uku ban san ɗanɗanon abinci ba, ina zargin direban attajirin da safe, likitansa da yamma. Daga yau na haramta maka kujerar falona da duk abin da ke kan kantar littattafaina.

Wassalam.

Yaya Magatakarda,

Barka da rashin cin abinci. Ga shi kuwa Yaya, matarka, ta kawo wandonka in ƙara masa ƙugu, karo na uku a bana. A aljihun baya na tsinci falle a ninke, da rubutunka a gefe: “Kada a buɗe sai an kai nan.” Ta ce kai ka yanke shi da reza don hana kanka leƙen ƙarshe, har ka sa ta rantse ba za ta tuna maka ba.

Na karanta. Kai, ashe haka ne! Yana ƙarƙashin keken ɗinki. Ka zo da ƙafarka ka ba ni haƙuri gaban masu jiran ɗinki.

Ɓarawonka, Tela

Ƙanina abin alfahari,

Gaisuwa mai tarin yawa. Kotu ta zauna, ta gano mai laifi a cikin wandonta. Gobe da hantsi zan bayyana a shagonka. Kada ka yi mini ko tari game da likitan kafin in karanta.

Na ci kaina tarar maɓalli uku. A cire su daga wandon.

Naka har kullum,
Wanda ake tuhuma