Darar Surukina Ba Tsohuwa Ba Ce

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni mai tara tsofaffin darar katako ne, irin ta Turawa mai sarki da dawakai. Matata kan ce da ma ita nake lallaɓawa haka, amma ba wannan ya kawo ni ba.

Surukina yana da wata dara da marigayiya matarsa ta saya masa, mai kantin ya rantse mata cewa ta girmi kakanta. Kullum sai ya goge ta. Yanzu ya ce in kai shi taronmu na masu tara irin waɗannan kaya, in tsaya gaban mutane in shaida tsufanta. Ina ɗaga doki ɗaya na gane ba tsohuwa ba ce. Dawakan huɗu kamarsu ɗaya sak, aikin inji ne. Sassaƙar hannu ba ta zuwa haka, ko kunne ko haƙori sai ya bambanta. Duhun jikinsu shafe ne, ko'ina ɗaya, alhali tsohon katako inda yatsu ke kamawa ne yake sheƙi. Ƙyallen gindinsu har yanzu warin gam yake.

Ƙarya dai ba zan yi ba, wannan na yanke. Amma ina jin nauyinsa, kuma wallahi ina ƙaunar dattijon nan. Ta ina zan fara?

Mai Dawakan Katako

Ɗan'uwa, shawarar da ka yanke daidai ce, kada ka ja da baya. In ka yi shiru, wani mai ido irin naka zai faɗa masa a bainar jama'a, kuma ba zai tausasa harshe ba. Sai dai ka sani, kai katako kake gani, shi matarsa yake gani.

Ka same shi shi kaɗai kafin ranar taron. Tafi da tsohon doki daga naka, ka damƙa masa shi da nasa ya juya su da hannunsa, ka nuna masa bambancin a hankali. Kada kalmar “jabu” ta fito daga bakinka, kada kuma ka ce an cuci marigayiya. Ce masa ba ta kai shekarun da aka faɗa ba, ka tsaya nan.

In ransa ya ɓaci, ka haƙura, zai huce. Sannan ka jera 'ya'yan darar ka roƙe shi ku buga. Na tabbata don ya samu abokin zama ta saya masa, kuma yanzu kai ne kusa.

Allah ya jiƙanta, ya bar ku tare.