Jirgin da Maigidana Ya Kai a Duba

Zuwa ga:
Shugaban Sashen Karɓar Ƙorafin Jama'a,
Hedikwatar 'Yan Sanda.

Daga:
Matar mai shagon ɗaukar hoto,
Shago na bakwai, layin masu gyaran waya.

Litinin, 17 ga Nuwamba, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TSARE MAIGIDANA KWANA HUƊU BA TARE DA LAIFI BA, DA RIƘE JIRGI MARA MATUƘI DA YA KAI A BINCIKA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon izini in gabatar da ƙorafi a kan wani jami'i mai muƙamin saje da ke ofishin 'yan sanda na yankinmu, wanda kowa ke kira Mai Gilashi. Sunansa na takarda ban sani ba, domin duk zuwan da na yi rigar sanyi ce a kan alamar sunan.

1. Maigidana mai ɗaukar hoto ne, shekara goma sha shida ke nan. Ya daɗe yana son ƙaramin jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama, saboda yanzu masu biki sai sun tambayi jirgi kafin su ba da aiki. A ranar 4 ga Oktoba wani mai gyaran waya a layinmu ya yi masa tallan wani na hannu, a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Arahar ce ta tsorata shi. Ya ce ba zai shigo da kayan sata gidan da 'ya'yansa ke cin abinci ba. Ya roƙi mai gyaran wayar ya ba shi jirgin ya kai a duba lambar jikinsa cikin jerin kayan da aka kai rahoton sacewa, kafin a yi ciniki. Ni ce na ce masa hakan ya dace. Ina so a rubuta wannan a inda ake rubutawa.

2. A ranar Litinin, 6 ga Oktoba, da ƙarfe goma na safe, ya shiga ofishin da ƙafarsa, da jirgin cikin jakarsa, da katin shaidarsa a hannu. Sajen bai buɗe littafi ba, bai dubi lambar ba. Abin da ya ce, a gaban mutanen da ke zaune a benci, shi ne yau ɓarawo ya hutar da su ƙona man mota. Aka cire wa maigidana bel da takalmi aka tura shi bayan kanta.

3. A wannan ranar aka fito da shi, aka ɗora masa jirgin a hannu biyu, aka rataya masa kwali mai rubutun "ɓarawon jirgi", sajen ya ɗauke shi hoto da wayarsa. Kafin la'asar hoton ya shiga wayar kowa a unguwa. An shaida mini cewa sau uku aka sake ɗauka, wai ya ɗaga kai, tunda shi ya san aikin.

4. Maigidana yana da ciwon sukari, allura sau biyu a rana. Na kai allurar cikin ƙaramar kula da ƙanƙara, tare da katin asibiti. Sajen ya fitar da kwalbar daga kular, ya ajiye ta a bakin taga inda rana ke duka, ya ce sai mai girma ya zo ya sa hannu. Na yi masa bayani cewa zafi na lalata ta. Ya tambaye ni ko ni likita ce. Washegari na same ta a wurin, haka ma ranar da ta biyo baya. Mai girman nan ban taɓa ganin fuskarsa ba.

5. A ranar Talata, 7 ga wata, mai gyaran wayar ya zo da rasit daga wanda ya sayar masa, wani injiniyan gine-gine da ya sauya sabo, har da lambar wayar mutumin. Sajen bai karɓi takardar ba. Ya ce masa idan ya ƙara minti biyar a wurin zai taya abokinsa kwana. Mai gyaran wayar ya fita. Ban ga laifinsa ba, shi ma yana da iyali.

6. A ranar Juma'a, 10 ga Oktoba, aka ce za a sallame shi, amma sai ya koya wa sajen yadda ake tayar da jirgin, wai domin bincike. A lokacin ƙafarsa ta dama ta kumbura, saboda ya taka ƙusa a cikin ɗakin tsarewa tun ranar farko, kuma mai irin ciwonsa ba ya jin rauni sai ya yi nisa. Aka tsayar da shi a tsakar ofis, ba takalmi, sa'a ɗaya da rabi, yana nuna yadda ake tashi da yadda ake sauka. Ina tsaye a bakin ƙofa da takalmansa a hannu. Da sajen ya ƙware, ya ce masa ya tafi, ya ƙara da cewa nan gaba ya riƙa lura da abin da yake saya. Ba a ba shi takarda ko ɗaya ba. Ba a rubuta masa laifi ba, ba a kuma rubuta cewa ba shi da laifi ba.

7. A ranar Laraba, 22 ga Oktoba, likitoci suka yanke masa yatsu biyu na ƙafar. Na haɗa kwafin rahotonsu da wannan takarda.

8. Makarantar da 'yarmu ke karatu, wadda maigidana ya yi shekara tara yana ɗaukar hotunan bikin yaye ɗalibanta, ta soke aikin bana saboda hoton nan na kwali. A ranar Asabar, 8 ga Nuwamba, na je bikin, domin 'yarmu na cikin waɗanda aka yaye. Sajen na gani cikin kayan gida, rimot a hannu, jirgin nan yana shawagi a kan ɗalibai. Shi makarantar ta ɗauka aiki. Aka ce yara su ɗaga kai su ɗaga wa jirgi hannu. 'Yata ba ta ɗaga ba, har malama ta yi mata tsawa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙo cikin ladabi: a duba lambar jirgin cikin jerin kayan sata, tunda abin da aka je yi ke nan kuma har yau ba a yi ba, a mayar da shi ga mai gyaran wayar, a ba maigidana takarda mai hatimi cewa ba a same shi da laifi ba, a kuma yaɗa ta yadda aka yaɗa hoton, sannan a tambayi sajen dalilin abin da na lissafa a sama.

Maigidana bai san na rubuta wannan ba. Ya hana ni, kuma ko ƙarar mota ya ji ta tsaya a ƙofar gida sai ya zabura ya nemi sandar da yake dogarawa tun bayan yanke yatsun. Idan akwai wanda za a kira domin amsa tambayoyi, ina roƙo a kira ni. Kada a sake cewa ya zo.

Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.

Taka mai biyayya,
Matar mai shagon ɗaukar hoto
(sa hannu)