Ƙotar Banatin Baba

Zuwa ga Adda Rahamatu, Babura.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Daudu da yara. Ya damina? Mu nan Kazaure sai godiya.

Ruwan makon jiya ya rushe ɗakin Baba. Allah ya kiyaye, yana zaure. Da muka tone kayansa sai ga banatin nan, wuƙar bakin bindiga, da ya dawo da shi daga yaƙin Kamaru tun ba a haife mu ba. Ƙarfen tsatsa kawai ya yi, amma ƙotar ashe gara ta cinye cikinta, ina taɓawa ta zube.

Kin san tun da idonsa ya tafi shi yake shafawa idan ya zauna. Yanzu ya ce ba zai sa komai a baki ba sai an gyara. Matata Dela ta dama fura, ta yi kunu, duk a banza. Gobe zan kai shi Roni wajen Sama'ilu maƙeri, ga ciyawa na cin gero.

Ƙaninki,
Mamuda

Adda Rahamatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin 'yarki Asma'u?

Sama'ilu ya kankare tsatsar, ya sassaƙa ƙotar icen kirya, ya ɗaure ta da ƙusa. Na dawo ƙafafuna a kumbure. Baba ya riƙe, ya ajiye. Wai wannan ba ta san hannunsa ba. Adda, sai da na fita bayan gida na zauna, don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Washegari na shafa masa gawayi a tafin hannu, na sa ya damƙe ta. Inda baƙi ya fito in kankare, ya sake damƙewa. Haka muka yini. Wajen la'asar na shafe ta da man shanu. Ya daɗe yana juya ta, sannan ya tambayi Dela ko furar nan tana nan.

Ki gaida mutan gida.
Mamuda

Adda,

Ina gaisuwa. Da fatan kuna lafiya.

Baba yana cin abinci, alhamdu lillahi. Geron dai rabi ya tafi, ban ƙara lissafinsa ba.

Jiya na miƙa masa banatin kamar kullum. Ya shafa shi tun daga tsini har ƙota, ya yaba aikin, ya ce in mayar wa mai shi kada ya nema. Na ce nasa ne. Ya yi dariya, ya ce shi manomi me zai yi da kayan soja. Daga nan ya tambaye ni ɗan gidan wa ne ni.

Da safe har yanzu yana kiran sunanki. Ki roƙi Malam Daudu ya bar ki ki zo, kada ki jira kaka.

Ƙaninki,
Mamuda