Sunan Ɗiyar Fari

Laraba da dare, garin Isa.

Yau bakina ya ja mani. Na kai ɗiyata ta fari asibiti wurin likitar masu damuwa, don tun daren da 'yan bindiga bisa babura suka sa muka gudo daga Kamarawa ba ta barci. Duk tambayar da aka yi mata ni ke amsawa, har da barkwanci: "Likita, lafiyarta lau, sauro ne ke hira da ita."

Likitar ta aje biro ta ce, "Baba, ba ni aron shirunka kaɗan."

Na yi shiru, abin da ko uwata ba ta taɓa samu ba. Likitar kallonmu kawai take yi. Babur ya wuce, yarinyar ta ƙanƙame kujera, ni kuwa ina ƙirga ƙusoshin rufi.

Da za mu tahi likitar ta ce, "Sau uku ta nemi idonka. Me ya sa kake ce mata wance?"

Na ce kunyar ɗan fari ce.

"Ita dai ubanta take nema."

Shekara goma sha ɗaya ban kira sunanta ba. Ga shi na rubuta: Hadiza. Gobe za ni faɗa, ko a gaban uwata ne.