Mai Askin da Aka Mayar Kwamanda Almakashi

Daga:
Mai shagon aski na bayan tashar mota,
Shago mai shuɗiyar ƙofa, kusa da famfo.
14 ga Oktoba.

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Hukumar Kula da Fina-finai,
Babban Ofishin Hukuma.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƁATA MINI SUNA A FIM ƊIN "BIRNIN TAL-KWABO" DA ABIN DA YA JAWO TSAKANINA DA ƊANA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, tare da fatan Yallaɓai da iyali da ma'aikata kowa yana lafiya, ina neman izinin gabatar da kokena. Ni mai aski ne, sana'ar da na gada, kuma tunda na riƙe almakashi ban taɓa yankar kunnen kowa ba sai sau ɗaya, shi ma mutumin ne ya yi atishawa. Ina da ɗa namiji tilo, ɗan shekara goma sha shida, wanda tun askinsa na farko har zuwa wannan lamari babu hannun da ya taɓa kansa sai nawa. Yaron nan ya mace a kan wani littafin matasa mai suna Birnin Tal-Kwabo, juzu'i uku, kowanne ya kai bulo kauri. Da shi yake kwana, da shi yake tashi. Ni ban karanta ba, domin idona kullum yana kan ƙeyar mutane. Ga abin da ya faru:

1. A ranar 3 ga Maris wani darakta ya shigo shagona, gemunsa buzu-buzu abin tausayi, ya ce za su mayar da littafin fim kuma suna neman mai aski na gaske. Na tambaye shi labarin, ya ce mini a gurguje labarin matasa ne masu fafutukar cin gashin kansu. Ranka ya daɗe, yanzu na san gashin da ake nufi na 'yanci ne, wanda babu ruwansa da mataji. Amma a kunnen mai aski gashi guda ne a duniya. Na ɗauka fim ne na faɗakarwa a kan yaran da suma ta yi wa yawa har suka rasa yadda za su yi da ita suka fara ci, ni kuma in zo in cece su. Har na faɗa wa daraktan haka. Bai gyara mini ba, sai ya ce kusan hakan ne. Na amince, kuma na ɓoye wa ɗana, don in ba shi mamaki ya ga ubansa a cikin littafin da ya fi so.

2. A wurin ɗaukar fim aka sa mini baƙar riga mai maɓallai har wuya, aka hana ni murmushi da hujjar wai hasken fitila. Na yi wa yara da yawa tal-kwabo kamar yadda aka buƙata. Sai dai bayan kowane kai na yi abin da sana'a ta tanada: na kaɗe da burushi, na shafa hoda, na ɗaga madubi ta ƙeya, na tambayi mai kai ko ya yi masa. Duk wannan an yanke shi, babu ko burbushi. Abin da aka bari shi ne gurnanin injin aski, da wani kiɗa mai tayar da tsikar jiki, da kyamarar da aka kafa ta ƙasa tana leƙen ƙofofin hancina. Ina so Hukuma ta sani cewa kitson jarumar fim ɗin da aka nuna ina datsewa hular gashi ce. Nata yana ƙasa lafiya lau. Hawayenta ma na kwalba ne, kuma da aka gama ta yi mini godiya har ta tambaye ni man da ke maganin amosani.

3. A ranar 20 ga Satumba, ranar da aka fara nuna fim ɗin, na sa tufafina masu kyau na kai ɗana gidan kallo. A nan ne na ji sunana a karon farko: Kwamanda Almakashi. Ashe a wancan birni duk yaron da ya cika goma sha shida aske shi ake yi da ƙarfi, wai tunanin mutum a cikin gashinsa yake, in an aske sai ya manta ko shi wane ne. Da haka ne, Yallaɓai, da masu sanƙo ba sa gane hanyar gida. Kuma ni ne mai yin wannan aika-aika. Da fuskata ta cika bango, ɗakin ya ɗauki ihu. Wata baiwar Allah da ke bayana ta gane ƙeyata ta maka mini jaka. Ɗana ya yi ta nutsewa a kujera har na daina ganin kansa. Da muka fito, ni ina wannan gefen titi, shi yana wancan, haka muka isa gida.

4. Tun daga ranar matasan unguwa suka ƙaurace wa shagona. Sun tara suma, kowa kansa kamar sheƙar tsuntsu, in sun zo wucewa sai su ɗaga mataji sama alamar tawaye. An zana almakashi da alli a ƙofata. Wata uwa ta kawo ɗan ƙaramin yaronta, yana ganina ya shige ƙarƙashin benci yana kiran sunan jarumar ta zo ta cece shi. Waɗanda suka rage mini tsofaffi ne, masu kan da aikinsa bai wuce gogewa da tawul ba. Hatta uwargida yanzu in abinci ya nuna sai ta ƙame ta sara mini ta ce Kwamanda an gama. Ita abin dariya ne a wurinta.

5. Yanzu aski ya zo gaban goshi. Duk waɗancan zan iya haɗiyewa, amma ɗana ya ƙi zama a kujerata. Da makaranta ta matsa lallai ya rage suma, sai ya zagaya bayan gida ya ba wani abokinsa kai, aka yi masa da almakashin ɗinkin mahaifiyarsa. Ranka ya daɗe, ko ɓera mai jin yunwa ba zai yi wa kai haka ba. Yanzu hula yake sawa har wurin cin abinci, amma hula ba ta rufe ƙeya, kuma layin ƙeyar nan ya karkace hagu. Kullum ina kallonsa, hannuna yana ƙaiƙayi. Ran nan na kasa daurewa na kai hannu, sai ya sunkuye daidai yadda jarumar ta sunkuye a fim. Ya aiko mahaifiyarsa ta gaya mini ya san wasa ne, amma in ya ji ƙarar inji wancan mutumin yake gani. Ya kuma ce na ɓata masa littafin, domin duk shafin da ya buɗe hancina ne ke leƙo shi. Wannan maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye wa Hukuma ba.

6. A ranar 9 ga Oktoba daraktan ya dawo, ko kunya babu, da albishir wai za a yi kashi na biyu kuma an ƙara mini matsayi: wannan karon har gira zan aske. Na ce masa a kai kasuwa.

Bisa ga haka, ina roƙon Mai girma Shugaba cikin ladabi:

Na ɗaya, kada a hana nuna fim ɗin. Ɗana yana sonsa, kuma in aka hana ni za a ce na sa.

Na biyu, a umarci masu shirya fim, duk wanda zai ɗauki mai aski aiki ya fayyace masa wane gashi ake nufi.

Na uku, kuma shi ne ainihin buƙatata, a sa kamfanin ya ba ni guntayen da aka yanke, waɗanda nake shafa hoda ina ɗaga madubi ina tambayar yara ko ya yi. Ba na neman a nuna su a gidan kallo. Mutum ɗaya nake so ya gani, ko a waya ce, ya tuna yadda ubansa yake gama aski. Safiyar Asabar lokacinsa ne tun yana zama a kan katakon da nake gitta wa yara a hannun kujera, kuma har yau ban ba kowa ba. In an yi jinkiri suma za ta fito ta rufe ɓarnar da kanta, yaron kuma ya gane yana iya rayuwa ba tare da ni ba. Don haka ina roƙon a hanzarta.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai girma da lafiya, ya kuma kiyaye shi daga daraktoci.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Mai aski na bayan tashar mota,
wanda ba Kwamanda ba.