Ruwa Ba Ya Hawa Bene

Litinin, 3 ga Maris
Kwana huɗu ba wuta. In ba wuta, injin ba ya tura ruwa tanki, famfona sai huci. Ni kuwa a hawa na uku nake, matakala talatin da takwas. Rabin bokiti na ɗauko yau, na huta sau biyar.

Laraba, 5 ga Maris
Telan da ke ƙasa ya tare ni. "Baba Injiniya, ku da kuka san cikin gidan wutar, yaushe za a tuna da mu?" Na ce masa ba mugunta ba ce, wutar ce ba ta isa, abin mutum uku ake raba wa goma. Shekara ashirin da shida na yi ina wannan rabon kafin in yi ritaya, in kashe layi in kunna wani. Asibiti farko, sai masana'antu. Layin unguwar nan shi nake fara kashewa kullum, don ba mai bugo waya daga nan. Wannan ban faɗa masa ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na duba tsohon jadawalinmu, na ce masa Asabar, ƙarfe goma.

Asabar, 8 ga Maris
Ba a kawo ba. Ya karɓi ɗinkin mutane saboda maganata. Da na wuce, gaishe ni ma ya yi. Gara da zagina ya yi.

Talata, 11 ga Maris
An kawo wuta minti ashirin, ita ma ba ƙarfi. Injin ya yi gurnani, bai tashi ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Auta ta kira. Maganar dai ita ce, in koma wurinsu. Na ce ɗakin nan marigayiya uwarta ta zaɓe shi saboda iska, ba inda za ni. Ta tambaya ko ina samun wanka. Na ce sosai.

Asabar, 15 ga Maris
Na zame a matakala. Ruwan ya riga ni sauka. Matar tela ce ta ɗaga ni, ta ɗan kawar da fuska. Na san warin da ta ji.

Lahadi, 16 ga Maris
Auta kuma. Ban ce to ba. Na dai tambaye ta, ɗakin da take faɗa, a sama yake ko a ƙasa.
"A ƙasa, Baba."
Na ce tambaya ce kawai. Sai ta ce mijinta ba ya aiki ranar Juma'a.
Na ce in zai biyo, ya taho da igiya. Katifar ba ta naɗuwa haka nan.