Wayar da Ba Zan Ɗaga Ba

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Baba? Ya rigimar Auta?

Kamfani ya ce aiki daga gida ya ƙare, kowa ya koma ofis. Hirarmu ta hantsi ta tafi ke nan, wadda nake jingina waya da kofi ina aiki, kina tsintar shinkafa kina faɗan na rame. Kada ki damu, ofis lafiya lau. Shirun ne dai ya yi mini yawa.

Don Allah ki ci gaba da kira a lokacin. Ba damar ɗagawa, amma in wayar ta motsa a aljihuna, zan san kin zauna da farantinki.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki